Bangon Kicin ɗin Darinka

Duk wanda ya kamo hanyar Lipovik daga bakin kogi sai ya sha kwana goma sha huɗu kafin ya hango hasumiyar coci, kuma a kwana ta tara ce zai yi ido huɗu da bangon kicin ɗin Darinka. Ba a gefen titi bangon yake ba. Kusurwarsa ta leƙo cikin titin ne kamar gwiwar hannun mai neman faɗa. Hagunka bango, damanka rami, irin ramin da in ka jefa dutse sai ka gama tari ka share baki kafin ka ji faɗuwarsa. Baƙi sukan tambaya wane mahaukaci ne ya gina ɗaki a kan titi. Ranar da wani ya yi wannan tambaya a gabanta, Darinka ta ajiye bokitin madara ta riƙe ƙugu.

“Titin ne ya zo ya same mu, ɗan nan. Lokacin da kakan mijina ya ɗora dutsen farko, alfadari ne kaɗai ke bin nan, kuma alfadari ya fi ku hankali, ya san faɗin cikinsa.”

Shekara arba'in da bakwai ke nan da aka kawo ta amarya daga ƙauyen da ke tsallaken kwari, aka damƙa ta ga Blagota magini, mutumin da in ya yi magana sau uku a wuni sai a ce yau ya cika surutu. Ita ta riƙa yi musu maganar su biyun. A kusurwar nan murhunta na itace yake, nan take kaɗa madara ta matse cuku, nan ta yaye 'ya'ya uku, biyu yanzu suna Jamus, ɗaya tana aikin otal a bakin teku. Blagota ya rasu shekara shida da suka wuce, ya bar mata shanu biyu, da amya huɗu, da bango. Baki kuwa da abinta ta zo. Babu mai rai a Lipovik da bai taɓa shan wanki a wurinta ba, har limamin coci, wanda ta taɓa gaya wa cewa akuyarta ta fi shi murya. Amma kuma babu wanda ya taɓa tsayawa a ƙofarta ya tafi da busasshen maƙogwaro. Uwar mijinta ce ta kafa mata wannan doka tun daren farko, ta ce gidan nan ba a taɓa jin an ce baƙo ya koma da yunwa ba, kada a fara a kanki.

Ana zaune lafiya sai ga firji sun fara hawowa. Haka muke kiran motocin nan masu ɗaki, farare masu kusurwa huɗu, da gado da kicin da banɗaki a ciki, da kekuna biyu rataye a baya. Wayoyinsu ne suka gaya musu cewa ta Lipovik ta fi kusa zuwa tafkin da ke bayan dutse. Wayar ba ta gaya musu kwana ta tara ba. A gindin hanya akwai allo, fari mai jan zobe, da hoton mota, da rubutu ƙato wanda makaho ma zai shafa ya gane: mita shida. Allon nan ya fi kowa maraici a ƙasar nan, ko kallo bai ishe su ba. Mutum ya hayo mota mai mita bakwai da rabi jiya-jiya, iyakarsa da tuƙi 'yar ƙaramar motar zuwa ofis, ya ɗauko ta ya nufo dutse da ita yana fito.

Na farko indararo ya ɓalle mata. Na biyu ya tafi da tukunyar furenta. Na uku kuwa tana tsaye tana juya miyar wake ta ji gidan ya girgiza, tukunya ta kife, ƙasa ta zubo daga rufi cikin ƙwaryar cuku. Kafin damina ta fita bangon ya sha farin fenti kamar an yi masa kwalliyar biki, kuma tsaga ta fito daga taga har ƙasa. Ta sauka birni ta kai ƙara ƙaramar hukuma, aka ce akwai allo. Ta je wurin 'yan sanda, aka ce akwai allo.

“Allon zai sauko ya tare su ne? Hannu gare shi?” ta tambayi ɗan sandan.

Ya ce a yi haƙuri, ana dubawa.

Da ta dawo ko ɗankwali ba ta cire ba, ta kwance igiyar shanya ta nufi gidan Radule. Radule shi ya ja bas ɗin garinmu shekara talatin da ɗaya, kuma shi ya riƙe mata ɗan fari ranar baftisma, don haka Kum take ce masa, wato uban baftisma. Mutum ne da ya fi iya tafiya da baya fiye da gaba, ko a mota ko a zance.

“Kum, auna mini mita shida.”

“Wa za ki rataye, maƙwabciya? In ni ne, mita biyu ta isa.”

“Kai ai ɓarnar igiya ne. Auna.”

Ya auna, ta ƙulla ƙulli a nan da can. Washegari ta ɗauki kujera ta sauka kwana ta bakwai, wurin maɓuɓɓuga, inda ke da ɗan filin da mota za ta iya juyawa, ta zauna a tsakiyar titi da igiya a cinya. Firji na zuwa sai ta ɗaga hannu. Ta miƙa wa direba kan igiyar ya riƙe a hancin motarsa, ita kuma ta ja har baya. In ƙulli ya wuce wutsiyar mota, Allah ya kiyaye hanya. In wutsiya ta wuce ƙulli ko da taƙi ɗaya ne, juya. Mace mai shekara sittin da bakwai cikin baƙaƙen kaya, ba hular hukuma ba takarda, amma ba wanda ya taɓa tsallake ta.

Da a nan abin ya tsaya da yau ba ni da labarin bayarwa. Matsalar ita ce, mutumin da ka tsayar a hanyar gidanka, ka sa ya sauko daga mota, ya tsaya a gabanka cikin rana, me sunansa? Darinka ta kwana biyu tana fama da wannan tambaya. A kwana na uku aka gan ta tana saukowa da igiya a kafaɗa da faranti a hannu: fanke mai zafi, zuma, cuku, da butar gahawa naɗe a tawul.

Na farkon da ya ci wani dogo ne ɗan Holan, mai gajeren wando da jan hanci. Motarsa ta zarce ƙulli da kamu biyu.

“Kai dogon banza,” ta ce masa, “uwarka ba ta sa ka makaranta ba? Ni aji huɗu na yi, amma na san shida in na gan ta. Dubi uban akwatin da ka jawo mana, da banɗakinka a ciki, ƙazami, kana tafe kana jan masai. Ungo, ci. Ba haka ba, sakarai, a zuma ake tsomawa.”

Dogo ya ɗora hannu a ƙirji yana washe baki, ya juya wurin Radule, wanda ya ɗan tsinci Jamusanci a shekaru biyun da ya yi yana ɗaukar siminti a Jamus.

“Ta ce barka da zuwa ƙasarmu,” in ji Radule.

“Me ka gaya masa, Kum?”

“Na ce kin ce shi jaki ne.”

“To me ya sa yake dariya?”

“Su can jaki abin girmamawa ne.”

Dogo ya zaro kuɗi, Darinka ta buge masa hannu har sai da ya yi tsalle. Ya ɗauki hotonta da igiya, ya ɗauki hoton faranti, ya juya motarsa ya sauka yana ɗago hannu.

Wannan bazarar bango ya huta, gaskiya ne. Amma mu da ke zaune a gefe mun lura da wani abu: firji ba raguwa suke yi ba. Bazara ta biyu sai ka ga shida sun jeru a maɓuɓɓuga, kowa ya fito da wayarsa yana jiran layi. Ashe dogo ya saka hotunan a inda masu irin motocin nan ke ba juna labarin hanya, wai akwai wata kaka a kan dutse mai tsohuwar al'adar auna baƙi da igiya ta ciyar da su kyauta. Wasu ma ba tafkin suka nufa ba, awo suka zo a yi musu. Wanda motarsa ta gaza ƙulli sai ka ga ransa ya ɓaci, don shi ba a tsaya an zage shi ba. Wata rana wasu 'yan mata biyu suka zo da mota ƙanƙanuwa kamar kwanon sha, suka roƙa a auna su. Darinka tana tashi tun asuba ta kwaɓa ƙullu kwano uku, zumar amya huɗu ta ƙare kafin watan bakwai, tana suya tana tsine musu.

“Ki daina mana,” in ji Radule.

“In daina me? In bar mutum a tsaye kamar turke? Kai ka saba, gidanku ko ruwa sai an roƙa.”

Ranar wata Talata aka wayi gari an shimfiɗa wata baƙar roba ta ratsa titi a gindin hanya, kusa da allo. Bayan sati uku sai ga Milutin da farar motar ƙaramar hukuma da gwangwanin fenti. Milutin ɗan ƙanen Blagota ne, injiniyan hanyoyi, wanda ya yi rabin ƙuruciyarsa a kicin ɗin nan yana lasar cokali. Ya sumbaci hannunta, ya sha gahawa, ya ci fanke biyar, sannan ya fita ya ja awo a jikin bango ya shafa jan gicciye.

Darinka ta fito tana goge hannu. “Wannan fa? Coci za ku mai da mini gida?”

“Gwaggo, zauna mu yi magana.”

“A tsaye ma ina ji.”

Ya yi ta kame-kame, daga baya ya fito da ita. Robar nan ƙirga motoci take yi. An ga manyan motoci sun ninka sau huɗu a hanyar Lipovik, shugaban ƙaramar hukuma ya ce wannan arziki ne ya zo har gida, dole a buɗe hanya su wuce har tafki. Kwana ta tara ce ta tsaya a wuya. Za a yanke mita ɗaya da rabi daga kicin.

Darinka ba ta yi ihu nan take ba, abin da ya tsorata Milutin ke nan. Ta dubi gicciyen, ta dubi taga, ta dube shi.

“Bari in gane. Ku kuka kafa allo. Su suka taka allo. Ni za a rushe wa ɗaki.”

“Gwaggo, ba ni na...”

“Mutum ya ƙi bin doka, maimakon a ja masa kunne sai a gyara dokar ta yi daidai da shi? Gobe in suka zo da jirgin ruwa, kogin za ku hawo mana da shi? Wannan bangon da hannun baffanka aka ɗinke shi sau uku. A nan na wanke maka gindi, Milutin, a nan, inda ka shafa jan abin nan!”

“Gwaggo, ki yi wa Allah ki saurare ni. Ke kika jawo su.”

“Ni? Ni da nake korarsu?”

Ya fito da waya ya nuna mata. Ga ta nan da igiya, ga ta da faranti, ga ta tana nuna wa wani ɗan yatsa, hoto ya fi ɗari, da rubuce-rubuce cikin harsunan da ba ta taɓa ji ba. Ya ce shugaban ma a waya ya fara ganinta, har yana cewa a buga hotonta a takardar tallan yankin.

“Ba a sa hannu ba tukuna,” ya ce. “Za a sake ƙirgawa duk watan Agusta. In adadin ya faɗi, zan iya cewa abin yayi ne ya wuce, a kai aikin wani wuri. Wata ɗaya tak, Gwaggo. Kada ki ba kowa komai. Ko ruwa.”

“Ko ruwa.”

“Ko ruwa. Su da kansu za su gaya wa juna an rufe.”

Ya tafi ya bar ta tsaye. Da yamma ta ce wa Radule ai wannan ba wani abu ba ne, wata ɗaya kamar yau ne, dama ta gaji da ciyar da ƙattan banza.

Ranar ɗaya ga Agusta ta sauka maɓuɓɓuga da igiya kaɗai. Ta auna firji uku ta juya su. Na huɗun miji da mata ne, suka tsaya suna kallon hannunta, suna leƙen bayan kujera ko farantin na can. Matar ta yi alamar kai loma baki tana murmushi. Darinka ta kau da kai tana kallon dutse, kunnuwanta suka yi ja kamar an murza. Suna tafiya ta naɗe igiya ta hau gida, ta miƙa wa Radule ita ta saman shinge.

“Ba zan iya zama a gaban mutane hannu rabbana ba. Ka je kai, kai ba ka da kunyar da za ta dame ka.”

Radule ya je. Sai dai wa zai tsaya wa tsoho mai gemu riƙe da igiya a bakin hanya? Sun ɗauka akuyarsa ce ta ɓata. Wasu kan tsaya, wasu su ɗaga masa hannu su wuce, sai ya bi su da ihu. Darinka kuwa ta kulle kanta a gida, ta saki labule. Ranar Lahadi a ƙofar coci wata tsohuwa ta ce, yadda kowa zai ji, wai ta ji an ce gidan Blagota yanzu ba a ɗora buta. Darinka ta wuce gida abinta, kuma duk wanda ya san ta ya san abin da hakan ya ci mata. Amma dabarar ta fara aiki. Milutin ya bugo waya ranar sha huɗu ga wata yana murna, ya ce masu motocin sun rubuta wa juna a waya cewa kaka ta daina, motoci sun ragu da rabi, ta ƙara daurewa kaɗan.

Ranar sha bakwai, da tsakar rana, tana zaune tana tsince wake ta ji ƙarar da ta sani. Ƙarfe yana gurzar dutse, a hankali, kamar ana jan haƙori. Gidan ya motsa. Hasken taga ya ɗauke, farin ƙarfe ya toshe ta ruf.

Wani tsoho ne ɗan Beljiyam da matarsa, cikin firji mai mita bakwai da rabi. Sun wuce Radule yana ɗaga igiya, sun ɗaga masa hannu su ma. Yanzu gefen motar ya manne da bango, tayar baya ta dama kuma saura taƙi ɗaya ta bar ƙasa. Tsohon ya ƙanƙame sitiyari, ya taka birki da ƙafa biyu, ko ƙifta ido ba ya yi. Radule ya iso yana haki, ya zagaya motar, ya leƙa rami, ya tofar da yawu.

“Maƙwabciya! Fito ki ga surukinki ya zo gaisuwa!”

Ba ta fito ba. Radule ya ɓamɓare yatsun tsohon daga sitiyari ɗaya bayan ɗaya, ya tura shi kujerar gefe, ya shiga ta taga. Ya ce sai an sauke matar tukuna, don ihunta ba zai bar shi ya ji kukan taya ba. Gaba ba ta yiwuwa. Da baya zai koma da ita har maɓuɓɓuga, kwana biyu masu tsini da gangara, da madubi ɗaya, don ɗayan yana ƙasa a farfashe. Ya ce aikin awa ɗaya da rabi ne in Allah ya so.

Matar ta sauko. Ba inuwa a wurin, ba wurin tsayawa in ba bakin rami ba, sai ta ja jiki ta zauna a kan dokin ƙofar Darinka.

Darinka tana bayan labule tana kallon ƙeyarta. Tsohuwa ce sa'arta, farin gashi an yanke shi gajere, wuya ya ƙone da rana. Jakarta da ruwanta duk sun tafi cikin mota. Tana bin motar da ido tana ja da baya taƙi-taƙi, mijinta a ciki, har ta sha kwana ta ɓace, sannan ta sunkuyar da kai ta fara kuka marar sauti.

Darinka ta koma ta zauna. Ta ɗauki wake ta ajiye. Ta dubi hoton Blagota da ke saman kabad.

“Kada ka kalle ni haka. Saura sati biyu. Bangonka nake tsarewa, ba nawa ba.”

Blagota dai ko da ransa ba mai amsawa ba ne. Ta tashi ta sake leƙawa. Matar tana lasar leɓe.

“Wa ya aike ta? Ni na ce su zo? Allo na can ƙato kamar ƙofar coci. Ta zauna, ba mutuwa za ta yi ba.”

Ta zauna. Ta tashi. A kan titi ne da da sauƙi, titi na hukuma ne. Amma wannan a kan dokin ƙofa take, rabin jikinta ma a cikin gida yake in an bi gaskiya. Shekara ɗari da wani abu ba a taɓa yi ba, sai a kanta? Ta ce ruwa kawai, ruwa ba abinci ba ne. Ta ɗebo ruwa. Da ta ga kofi shi kaɗai a kan faranti sai ya yi mata kama da abin da ake miƙa wa ɗan kurkuku. Ta yanko cuku. Cuku kuwa ba a cinsa haka nan. Kafin ta farga mai ya yi zafi a kasko.

Ta buɗe ƙofa da ƙafa.

“Matsa, 'yar'uwa, kin tare mini hanya kamar motarku. Ungo. Allah ya isa tsakanina da ku, ke da mijinki da wanda ya ba ku hayar wannan akwatin gawa. Kin san abin da wannan fanken zai ci mini? Ba ki sani ba. Sha a hankali, kada ki ƙware ki mutu mini a ƙofa.”

Matar ta kama hannunta ta riƙe gam, ta sha, ta ci, ta jingina da kafaɗarta. Haka suka zauna su biyu a dokin ƙofa, ɗaya na kuka ɗaya na zagi, har aka ji hon ɗin Radule sau uku daga maɓuɓɓuga, alamar an isa. Matar ta laluba aljihu ta fito da waya. Darinka ta daka tsalle tana kaɗa hannu biyu, tana a'a, a'a. Matar ta gyaɗa kai alamar ta gane, kaka ba ta son a ɗauki fuskarta. Sai ta ɗauki hoton farantin kawai.

Kwana uku bayan haka firji goma sha ɗaya suka jeru a maɓuɓɓuga.

Darinka ba ta sake ɓuya ba. Ta karɓi igiyarta daga hannun Radule ta ce tunda an riga an yanka ta, gara ta mutu a tsaye. Ƙarshen wata Milutin bai bugo waya ba, takarda ce ta zo.

Cikin watan Oktoba aka kawo katafila. Darinka ta tsaya a gabanta ta ce wallahi ƙarfe ba zai taɓa aikin hannun Blagota ba, in rushewa ce a rushe da mutunci. Ita da Radule da maza huɗu na gari suka sauke kusurwar da hannu, dutse bayan dutse, kwana biyar, ta sa aka jera su a bayan gida. Ma'aikatan hukuma suka ja sabon bango na bulo, siriri, suka shafe shi da siminti mai launin toka. Aka matsar da murhu, hayaƙi ya ƙi bin sabon bututu sai da aka yi ta fama. Teburin da mutum takwas ke ci a kai bai shiga ba, aka sare shi biyu. Yanzu in Darinka za ta buɗe tanda sai ta rufe ƙofa, in za ta buɗe ƙofa sai ta rufe tanda. Duk Lipovik ba wanda bai ji haushi ba, har tsohuwar nan ta ƙofar coci, wadda ta zo da kanta ta tsaya a titi ta tsine wa hukuma tun daga shugaba har mai shara.

Milutin bai tako garin ba sai da dusar ƙanƙara ta narke. Ya zo ranar wata Asabar da kwalin alewa a hannu, ya tsaya a ƙofa ya cire hula. Mu kuwa duk wanda ke da shinge ya sami abin gyarawa a jikinsa, don a yi komai a kan idonsa. Ƙamshin gahawa na fitowa daga ciki, Radule na zaune a rabin tebur da kofinsa.

“Gwaggo, ina wuni.”

“Lafiya lau, injiniya.”

Bai taɓa jin ta kira shi haka ba. Ya juya hular a hannu. “Na yi iyakar ƙoƙarina, Gwaggo. Ke ma kin san na gaya miki.”

“Ka gaya mini.”

Ya jira. Ta tsaya a bakin ƙofa, hannu ɗaya a kan wannan katako, ɗaya a kan wancan. Ya leƙa ta saman kafaɗarta ya ga buta a kan wuta.

“Ba za a ce in shigo ba?”

“Ina za ka zauna? Kujerarka ta wajen taga take, ka manta? Je ka duba, tana nan inda ka bar ta.” Ta nuna masa sabuwar kwalta da haɓa. “Ka dai kula da mota in ka zauna.”

Radule ya ajiye kofi. “Haba maƙwabciya, ɗanki ne fa. Ko ruwa?”

“Shi ya koya mini,” in ji Darinka.

Milutin ya ɗan ƙara tsayuwa, ya ajiye kwalin a kan dokin ƙofa, ya mai da hularsa, ya gangara wurin motarsa a ƙasa.